Tayoyin Suruki

Duk mai kayan da za a kai bayan dutse daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya ya san ƙofar Malam Badaru a unguwar Tahaggart. Mutumin Damagaram ne, ya shigo garin gemunsa baƙi wuluk, ga shi yau ya yi fari fat bai koma ba. Abin neman abincinsa tsohuwar mota ce kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu, mai buɗaɗɗen baya, wadda fenti ya daɗe da yin sallama da ita. Shi ke tuƙa ta, shi ke gyara ta, bai taɓa yarda hannun wani ya shiga cikinta ba. Mutum ne mai tsimin magana kamar mai tsimin ruwa a hamada. Matarsa Gwamma takan ce hirar da yake yi da motar nan a wuni ɗaya ta fi wadda yake yi da ita a wata.

Autarsu Jannatu tana aure a Martutak, ƙauyen lambuna can cikin duwatsu, tafiyar wuni in hanya ta yi kirki. Mijinta Isufu ɗan ƙasar Maradi ne. Da leburancin gini ya fara, ya tara abin da ya tara, ya buɗe ɗan shagon shayi da sukari da man girki. Yaro ne mai ladabi, irin wanda in ya hango surukinsa tafe sai ya saki hanya ya bi lungu. Badaru ma bai taɓa kama sunansa ba, sai dai ya ce mutumin Martutak. In magana ta kama tsakaninsu, Gwamma ce gada: wannan ya faɗa mata, ta kai wa wancan. Haka aka gada, kuma haka ya kamata, domin gidan da kunya ta fita, albarka ma ta fara ɗaure kayanta.

Bayan babbar Salla sai ga wata mota ta tsaya a ƙofar gidan, aka sauke tayoyi huɗu sabbi dal, manya-manya masu kaushin baya, aka ce saƙon Isufu ne zuwa ga Baba. Ashe tun ranar da aka kai amarya ya lura tayoyin surukinsa sun suɗe kamar tafin hannu, ya riƙe abin a ransa. Da ya samu hali sai ya shigo gari ba tare da ya biyo gidan ba, ya ce wa mai sayarwa ya ba shi waɗanda suka fi kowanne girma. A ganinsa babban mutum sai babbar taya. Duk Martutak ta san da zancen, yanzu kuma ga maƙwabta a Tahaggart sun fito suna sa albarka, suna cewa wannan shi ne suruki.

Badaru ya zagaya tayoyin, ya danna ɗaya da babban yatsa, ya ce Allah ya yi wa yaron albarka. Bai ƙara ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: tun kafin ya ɗauko igiya ya san sun fi ƙarfin motarsa. Da mutane suka watse ya auna kewayensu, ya ga sun ɗara tsofaffin da taƙi ɗaya da rabi.

Ga wanda bai sani ba, tsakanin ƙafafun mota akwai wani tulun ƙarfe da direbobi ke kira pon. Motar kat-kat tana da guda biyu, na gaba da na baya. A cikin kowane tulu akwai faifai mai haƙora, da ɗan ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya shi. Su ke raba aiki: sandar da ta taho da ƙarfin inji, wato kardan, ta juya sau huɗu da ɗoriya, taya ta juya sau ɗaya. Da tayar da mota ta zo da ita aka yi wannan rabo. Ka ƙara wa taya tsawo ka bar haƙora yadda suke, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan.

To amma kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a kuma jingine ta a zaure ƙura ta ci. Ya ɗaura su. Mota ta miƙe tsaye ta yi kwarjini, yaran unguwa suna ta shafa ta. Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Tudun da a da take hawa tana waƙa, yanzu sai ta yi ta nishi kamar tsohuwa da tulu biyu. Inji ya riƙa zafi, mai ya riƙa tafiya kamar ana zuba wa rairayi. Ran nan a wani hawa bayan ƙauyen Tit, wani mai akwalar mota da Badaru ya saba bari a baya ya wuce shi, har da ɗaga masa hannu.

Gwamma ta ce a aika a gaya wa yaron ya canzo daidai da ita, ai ba da gangan ya yi ba. Badaru ya haɗe rai. Ya ce rashin sani ya fi dare duhu, gaskiya ne, amma ba shi zai kunna wa surukinsa fitila a tsakiyar kasuwa ba. In riga ta yi wa mutum yawa, kuma ba halin rage ta, sai mutum ya yi ƙiba. Haƙoran zai canza.

Sai ya zama ɗan gida a wurin Ɗayyabu, wani Bakano mai sayar da gawar motoci a lakas, makabartar motoci ta bayan gari. Tsakanin Bakano da Badamagare kuwa ba a gaisuwa sai da tsiya. Ɗayyabu na ganinsa sai ya ce ga tsoho ya zo neman haƙora, nasa sun zube ne? Badaru ya ce ko da dasashi ya fi ƙarfin tuwon Kanawa. Suka yi ta tonon tarin ƙarafa har Allah ya ba su faifai da ɗan juyinsa masu juyi huɗu da rabi, daidai da manyan tayoyi. Amma na pon ɗaya ne kacal. Ɗayyabu ya karɓi tsohon na baya ya ba da wannan, ya yi rantsuwa ɗan'uwansa na gaba yana tafe daga arewa, yau ko gobe.

Badaru ya zauna kan na baya da haƙuri, ya ɗaure ya kwance, ya ɗaure ya kwance, har haƙori ya hau haƙori ba kuka. Mota ta dawo hayyacinta muddin ƙafafun baya kaɗai ke ja. Abin da ba shi da halin yi shi ne sa karabo, wato ya haɗa gaba da baya su ja tare. Na gaba zai riƙa gudu ya fi na baya, in kuwa a kan dutse ne, ƙarfe zai ci ƙarfe har wani abu ya karye a tsakiya. Don haka ya daina karɓar kayan bayan dutse, ya tsaya kan kwalta yana jiran goben Ɗayyabu, wadda ta ƙi wayewa. Ai da sauran lokaci, a ganinsa. Jannatu na da cikin fari, sai wata mai zuwa za a je a ɗauko ta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta.

Ana nan, wata safiya tarhon Gwamma ya yi ƙara. Isufu ne, daga kan tudun da mutanen Martutak ke hawa su samu layi. Haihuwa ta zo ba a shirya ba. An samu namiji, uwa da ɗa lafiya, matan garin sun tsaya mata tsayin daka. Sai dai ba wadda ta san wankan jego irin na gida a cikinsu, yarinya kuma sai kiran innarta take yi.

Kafin hantsi ya dubi ludayi Gwamma ta ɗaure kaya: babbar tukunyar wanka, da gero, da kanwa, da yaji, da busasshen ganyen da ta sa aka kawo mata tun daga Damagaram. Ta ce gobe da asuba.

Badaru ya tsaya a gaban motarsa, hannu a baya. Hanyar Martutak, daga inda aka saki kwalta, rairayi ne da dutse, ba a yin ta da ƙafa biyu. Tsohon faifan baya kuwa Ɗayyabu ya riga ya sayar. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi da bakinsa yake yi wa mutane wannan faɗa, yau ga shi tsaye da gora a hannu. Gwamma ta ce to a nemi motar wani. Ya dube ta kamar ta zage shi. Matarsa, zuwa ganin jikansa, a motar wani? Mutanen Martutak kuma su tambayi yaro ina surukin, ina tayoyin?

Ya tsuguna ya zana mata matsalar a ƙasa da tsinke, ga gaba ga baya, wannan na sauri wannan na nawa. Ta saurara tana ƙulle bakin buhu.

"Ni ban san ƙarfe ba, Malam," ta ce. "Amma shekara nawa muna zuwa kasuwa tare, kai zanƙalele, ni ga ni kamar turmi? Ka taɓa isa ka bar ni a hanya? Kai kana jan ƙafa a hankali, ni ina ɗiba da sauri-sauri, ƙofa ɗaya muke shiga."

Ya ce mata mota ba mace ba ce, ta je ta ji da tukunyarta. Ta tafi. Shi kuwa ya tsaya yana kallon bangon zaure, inda tsofaffin tayoyi ke jingine. Biyu sun mutu murus, biyu da sauran rai. Haƙoran gaba masu saurin juyi ne, to a ba su gajeriyar taya. Na baya masu nawa ne, ga su da doguwa.

Ya kira ta, ba tare da ya ce ta yi gaskiya ba. Ya ɗaga motar da kirik, wato jak, ya sa alamar alli a kardan da kuma taya, ya shige ƙarƙashi yana juya sandar da hannu, ita kuma ta tsuguna a gefe tana faɗa masa in allin ya dawo inda ya tashi. Tana yi tana mita, wai da tsufanta an mai da ita karen mota. Ya auna da igiya, ya ninka, ya sake aunawa. Bambancin da ya rage ɗan kaɗan ne, abin da ƙasa za ta shanye. Ya ɗaura gajerun a gaba, ya fita fili bayan unguwa, ya sa karabo, ya tafi a hankali kansa a waje yana saurare. Ba ƙara, ba turjiya. Sai dai motar ta duƙar da kai ta ɗaga baya kamar raƙumin da ya fara durƙusawa. Ɗayyabu, da ya zo ba da haƙurin ƙarfen da bai iso ba, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce motar ta fi mai ita ladabi, tana ganin Bakano ta rusuna.

Washegari suka kama hanya, manyan tayoyi biyu kwance a baya tare da tukunya da buhuna. Suka wuce Tit da dabinanta, suka yi ta arewa, sannan suka saki kwalta suka yi gabas. Mota ta yi abin kirki. Ta ratsa rairayi, ta taka duwatsu, gaba da baya suna ja kamar shanun huɗa da suka saba da juna. Akwai wani kwari da kullum tulun baya ke gogar dutse in an zo shi, yau ya wuce bai taɓa ba. Badaru ya lura, ya yi gyaran murya. Gwamma kam ba ta ga hanya ba sam. Carbi na hannunta, bakinta na motsi, jefi-jefi ta tambaya ko an kusa.

Da la'asar aka fara hango kan dabinan Martutak tsakanin duwatsu. Sai Badaru ya ratse gindin wata farar ƙaya, ya kashe mota, ya fito da kirik.

Gwamma ta tambaya ko taya ce ta fashe. Ya ce a'a. Huɗu yaron ya saya, mutanen garin nan sun sani, huɗu za su gani a ƙasa. Abin da ya rage shimfiɗaɗɗiyar hanya ce, ƙafafun baya sun isa. Ba zai shiga garin surukinsa da mota a sunkuye ba, a yi ta tambayar yaro me ya sami kyautarsa.

Nan fa Gwamma ta tashi. Ta ce ƴarta na can kwance da ɗanyen jiki, ba wanda ya gasa ta, shi yana nan yana yi wa mota kwalliya kamar amarya. Ya ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ta ce ta ji, wa'azin ya bari sai ranar suna. Shi dai ya ci gaba da aikinsa. Ya kwance tayar dama ta gaba, ya gangaro da babbar daga bayan mota. Da ƙyar ya tashe ta tsaye, numfashi na fita da ƙarfi, domin shekaru ba ƙarya ba ne.

Yana cikin ɗaure ta sai suka ji sallama daga nesa. Isufu ne. Tun safe yana kan tudu yana duban hanya, ya ga ƙura ta taso ta kuma kwanta, ya gangaro a guje yana zaton lalacewa ce. Da ya ga wanda ke tsugune a gaban taya, ya cire takalmi, ya durƙusa can nesa, ido a ƙasa. Gaisuwa ta bi ta kan Gwamma, barka da arziki ta bi ta kanta ta koma. Sannan yaron ya saci kallon motar: babbar taya ɗaya a gaba, ƙarama ɗaya, ga wata babbar kwance a baya, yau ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Can ya ce, "Inna, a gaya wa Baba, ruwan da aka yi kwanan baya ya kwaso rairayi ya cika mashigin gari. Ba motar da ke wucewa sai da karabo."

Gwamma ta juya ta maimaita, ko da yake tsohon ya ji da kunnensa. Badaru ya dubi tayar da ya gama shan wahalar ɗaurawa. Dole ta sauka. Kuma dole a faɗi dalili, tun da yaron ba makaho ba ne.

"Gaya wa mutumin Martutak," ya fara, "tayoyinsa ba su da laifi. Gaya masa a cikin pon akwai wani faifai..."

"Ni kam na gaji," in ji Gwamma. Ta jawo ƙullin kanwa da yaji ta ɗora a ka. "Ga ka ga shi, ba kogi a tsakaninku. Tun da aka yi auren nan nake dakon magana kamar tarho. In kun gama kunyar, ku taho mini da tukunyata."

Ta kama hanyar gari, ba ta waiwaya ba.

Aka bar maza biyu da mota. Badaru ya dubi dutse, Isufu ya dubi yatsun ƙafarsa. An daɗe a haka, ba mai motsi sai iska a cikin ƙaya. Rana kuwa ba ta jiran mai kunya.

Tsohon ne ya fara. Motar ya fuskanta, kamar da ita yake. Ya yi bayanin faifai da ɗan juyinsa, da yadda doguwar taya ke son haƙora masu nawa, da yadda ya samu na baya, na gaba ya ƙi zuwa. Isufu na saurare, kansa na ƙara yin ƙasa. A hankali ya gane abin da aka ɓoye masa. Watannin nan da Baba ya daina zuwa bayan dutse, ba ciwon gwiwa ba ne kamar yadda Inna ta riƙa faɗa a tarho. Kyautarsa ce ta zaunar da tsoho.

"Baba, na cuce ka ban sani ba," ya ce, murya can ƙasa. "Da an faɗa mini..."

Wannan ne karon farko da maganar yaron ta iso masa ba ta hannun kowa ba, Badaru kuwa ya ji nauyinta. Ya juyo.

"Wa ya ce ka cuce ni? Tun da nake bin hanyar nan, dutsen kwarin can bai taɓa barin tulun baya ya wuce lafiya ba sai yau. Tayarka ce ta ɗaga shi. Motar ce ba ta gama girma ta kai su ba. Rabi ya kai, saura rabi." Ya miƙa masa makullin taya. "Taso ka kama nan. Bayana ba na jiya ba ne."

Isufu ya taso ya karɓa da hannu biyu. Ya sauke babbar, ya mayar da ƙaramar. Zai bi notuna a jere sai tsohon ya buge masa hannu: ba haka ake yi ba, in ka ɗaure wannan sai ka tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, don taya ta zauna daidai. Ya sake. Ɗaurin ya yi kyau, ga ƙarfi. Badaru ya gwada da nasa hannun, ya ce ashe zaman shago bai cinye hannun magini ba.

Saura batun shiga gari. Tsohon ya ce shi abin da ya dame shi bakin mutane. Isufu ya ce mutanen Martutak sun ji yadda ake kiran Inna a gidansa dare da rana, motar da ta kawo ta ko a kan kai take tafiya ba mai duban ƙafarta. In kuwa an tambaya, shi zai faɗa da bakinsa cewa ya sayi taya bai tambayi masu mota ba. Badaru ya ce kul, ba zai faɗi haka ba. Zai ce sauran biyun suna jiran ƙarfe daga arewa, shi ke nan, kuma gaskiya ce.

Suka mayar da kaya. Isufu ya nufi baya zai hau kan buhuna, tsohon ya buɗe masa ƙofar gaba, ya ce a mashigi yana bukatar wanda ya san inda rairayin ya fi tauri. Yaron ya ɗosana a bakin kujera, jikinsa manne da ƙofa kamar wanda aka ɗora a kan garwashi. Aka sa karabo. Ya nuna hagu, aka bi hagu. Mota ta sunkuya ta shiga rairayi, ta yi nishi, ta fita ɗaya gefen.

Sun fara jin kukan awaki da ƙanshin hayaƙi, sai Badaru, idonsa a kan hanya, ya tambayi abin da ke cin sa tun jiya.

"Jaririn, da wa ya yi kama?"

Isufu ya sunkuyar da kai.

"Matan gari sun ce ba ni ba ne, ba kuma uwarsa ba." Ya ƙara matsawa jikin ƙofa. "Ita kuwa ta ce kai ne, Baba. Wai tun da ya faɗo bai saki fuska ba."

Badaru ya shafa gemu.

"To, Allah ya raya shi," ya ce. "An dai samu mai hankali ɗaya a gidan."